Shekarar da Na Haɗa Laminu da Allah

Wannan babin don Laminu na rubuta shi, mijin 'yata ta fari. Ku 'ya'yansa, in kun yi wayo kun iya karatu, nan za ku fara buɗewa. Na san abin da ake faɗa. Har yanzu akwai wanda in aka ambaci sunansa a kasuwar Al Ras, nan Dubai, zai ɗaga kai daga kan kwalayensa ya ce, "Wane Laminu? Wanda ya kunyata surukinsa a gaban jama'a?" Ni ne surukin, ina nan da raina, kuma ba haka aka yi ba. Ku bar ni in faro daga farko, ko da yake kakarku Hajiya Binta ta ce ni in na ce zan faro daga farko sai mutum ya nemi matashi.

Wasan da ya jawo duk wannan, ni na kawo shi. Wata shekara na je Amurka gwanjon tsofaffin motoci, sai wani Bature mai tumbi da muke hulɗa ya ja ni bayan garejinsa cin nama. Na tarar da manyan mutane, wasu da furfura, sun jera alluna biyu na katako suna fuskantar juna daga nesa, kowanne a ɗan jingine, da rami guda a samansa. Suna jefa wasu 'yan ƙananan buhuna cike da masara. In buhunka ya faɗa rami ka ci da yawa, in ya kwanta a kan allo ka ci kaɗan, in ya faɗi ƙasa sai a yi maka dariya. Shi ke nan wasan. Na ce a raina, mutanen da suka je duniyar wata, ashe ga abin da suke yi in sun dawo. Amma da aka miƙo min buhu na jefa, na ji yadda ya sauka tim a kan katakon nan, sai na ƙi matsawa. Da na dawo Dubai na zana wa wani kafinta ɗan Pakistan allon a bayan kwali, ya ƙera min. Buhunan kuma wani tela ɗan Bangaladash ya ɗinka, yana ta kallona ta saman tabarau, har ya kasa haƙuri ya ce, "Haji, wannan filo ne na mage?" Masarar a shagon kayan yaji na saya, ƙasan ofishina. Muka sa wa wasan suna jifan masara.

Duk shekara, in zafi ya lafa aka fara iya zama a waje, muna da taro. Hausawan garin nan ne kaf, da iyalansu: Kanawa 'yan kago masu aika kaya gida irina, Zage-zagi, Katsinawa, da mutanen Nijar masu aiki a sito-sito da tashar jirgin ruwa. Wani lambu muke zuwa a bakin ruwa, mu shimfiɗa tabarmi, mata can, maza nan. Biriyani daga gidan abincin 'yan Pakistan, masa daga gidajenmu, kilishi daga jakar duk wanda bai daɗe da dawowa daga Yamai ba, shayin karak mai madara kuwa ba ya yankewa. Da, in an ci an sha sai gardamar siyasa, a watse ana fushi. Da na kawo alluna sai gardama ta mutu. A zuba sunaye a hula, a zaro biyu-biyu, wanda aka kayar ya koma tabarma, har a kai ga mutum biyun ƙarshe. Kuma duk shekara ni nake cinyewa. Suka naɗa min rawani da tawul, suka ce Sarkin Jifa. Ni kuwa na karɓi sarautar hannu bibbiyu. In kun ga yadda nake tsayawa ina koya wa samari karkata kugu, ina cewa sirrin a wuyan hannu yake, ina ba da labarin yadda na kayar da Turawa a ƙasarsu! Ban kayar da kowa ba, nama na ci. Ya kamata in gaya muku abu ɗaya a nan, don ku gane abin da ni ban gane ba a lokacin: rabin mutanen da ke wurin, a falona suka fara kwana ranar da suka sauka garin nan da jaka ɗaya da lambar wayata a aljihu. Ni na raka su neman ɗaki, ni na nuna musu inda ake hawa kwale-kwale a tsallaka. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Su sun ɗauka.

Laminu mutumin Damagaram ne, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Jebel Ali. Dogo, siriri, maganarsa a hankali, in ya ruɗe sai Faransanci ya kufce masa. Na yi yawo a duniya, na ga surukai iri-iri, har na ga inda suruki ke dafa kafaɗar uban matarsa yana kiran sunansa gatsau, amma ban taɓa ganin mai kunyar Laminu ba. In ya hango ni a layin Al Ras sai ya faɗa shagon da ya fi kusa, ko na me ne. Rannan shagon kayan mata ya faɗa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Wata rana tsautsayi ya haɗa mu a lifta mu biyu, yaron nan ya durƙusa ya gaishe ni, bai miƙe ba har muka kai sama, ƙofa ta buɗe wasu Larabawa suka tsaya suna kallonmu, sun zaci ciwon ciki ne ya kama shi. A wurin taro kuwa can wajen masu gasa nama yake maƙalewa, cikin hayaƙi, inda ba zan gan shi ba. A shekarar da nake ba ku labari, wani ne ya yi ta cewa tun kafin taro sai ya jefa sunansa a hula don tsokana, ya kuwa jefa. Aka zaro, ya rasa yadda zai yi, ya shiga. Ya yi ta kayar da sa'o'insa shiru-shiru a ɗaya allon, ni ina kayar da nawa da surutu a wannan, har ya rage daga ni sai shi. Aka ce a yi sallar la'asar tukuna.

Wurin alwalar da nisa, da na dawo sai na biyo ta bayan itatuwa don in kauce wa yara masu kekuna. Daga nan na hango alluna. Alhaji Tanimu ne a tsaye, Bazazzagi, abokina tun muna sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda na kayar ɗazun nan yana ta kama kai yana cewa hannunsa ya tsufa. Kofin shayi ne a hannunsa na dama. Da hagu yake jifa, yana hira, ko kallon allon ba ya yi sosai. Buhu ya tafi rami. Ya ɗauki wani, rami. Wani yaro Bakatsine da shi ma na kayar ya karɓa, shi har da juya baya.

"Kai, ku bari haka," in ji Tanimu. "Kar hannu ya saba, Sarki na dawowa."

"Ni wallahi yau na sha wuya," in ji Bakatsinen. "Sai da na yi ta jefawa wajen tukunyar biriyani kafin ya samu ya wuce ni."

"Ai kai ba ka iya ba. A hankali ake yi, ka bar shi ya taɓa gefen allo ya zame, sai ka yi tsaki. Yanzu wa ya rage masa?"

"Surukinsa."

"Khalas, magana ta ƙare, a kawo tawul. Wannan ko ramin ya kai bakin rijiya ba zai saka ba."

Suka yi dariya. Da dariyar mugunta ce da na ji sauƙi, da na fito na zazzage su mun rabu. Irin dariyar nan ce da ake yi wa yaro mai koyon tafiya in ya taka ɗaya biyu an tafa masa. Na tsaya a bayan itacen nan, ruwan alwala na ɗiga daga gemuna, duk abin da na taɓa faɗa a kan wuyan hannu yana dawo min ɗaya bayan ɗaya. Na yi sallah ban san me na karanta ba. Da aka sallame na zagaya gefen mata, na sa aka kira min Hajiya. Ta zo tana goge hannu, na gaya mata abin da na gani, ina jiran ta yi salati.

"Sai yau ka sani?" ta ce.

"Ke ma kin sani?"

"Alhaji, kai da in ka jefo min makullin mota sai na nemo shi a bayan kujera? Har matan nan sun sani. Ba raini ba ne. Me suke da shi da za su ba ka? Ka fi su komai. Wannan ɗin suka samu, ka karɓa ka yi shiru."

Na juya zan tafi, ta riƙo bakin rigata, abin da ba ta yi a gaban mutane.

"Na ga fuskarka. Duk abin da za ka yi, ka bar yaron nan a waje."

Na ji ta sarai. Amma a lokacin abu ɗaya nake so a duniya, in san ko akwai ko da ɗan abu kaɗan na gaskiya a sarautar nan tawa. Aka taru, yara suka zauna a gaba, samari suka fara fito da wayoyi. Laminu ya zo ya tsaya gefen allo, kansa a ƙasa, buhuna a hannu kamar an ba shi riƙon garwashi. Na karɓi 'yar lasifikar da ake kiran sunaye da ita. Ina murmushi fa, kowa ya zaci barkwancin da na saba zan yi.

"Laminu," na ce, "na haɗa ka da Allah, ka jefa da gaske. Iya abin da ka iya. In ka kuskure da gangan ko sau ɗaya, ban yafe ba."

Wurin ya yi tsit, har kana jin injin jirgin ruwa can nesa. Tanimu ya matso kusa da kunnena.

"Haba Alhaji, wasa ne fa. Janye."

Ban janye ba, na ma sake faɗa. Ku da kuka tashi a nan wataƙila ba za ku ga girman abin ba, kuna ganin ai wasa ne, wanda ya iya ya ci. To ku sani, a inda Laminu ya tashi, yaro ba ya fin uban matarsa a bainar jama'a, ko a tsawon gaisuwa. Kuma a inda ya tashi ɗin dai, in babba ya haɗa ka da sunan Allah, magana ta ƙare. Na sa shi a tsakiya, na toshe ƙofa biyun. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "To, Baba." Na fara jefawa, nawa ya faɗi a ciyawa, ko kusa da allo bai je ba. Ya jefa nasa ba tare da ya ɗaga kai sosai ba, buhun ya tafi a kwance, ya sauka a tsakiyar allo, ya zame sulu ya shige rami. "Ku yi haƙuri, Baba," ya ce. Na sake, ya sake. Duk wanda ya shiga sai ya ce ku yi haƙuri Baba. Sau ɗaya nawa ya samu ya kwanta a bakin allo, na ji daɗi kamar an yi min haihuwa, nasa ya zo ya ture shi ƙasa ya wuce rami, na ji ya ce "fardon" da muryar mai shirin kuka. Babu wanda ya tafa. Ba a daɗe ba aka gama, ban ci ko ɗaya ba. Wanda ke riƙe da tawul ya rasa kan da zai naɗa wa, ya rataya a kafaɗarsa. Laminu ya ajiye sauran buhunan a ƙasa a hankali, ya durƙusa, ya tashi ya nufi wajen motoci. Na hango babarku ta saɓa goyo ta bi bayansa, ko sallama ba ta yi wa kowa ba.

Hoton bidiyon da ya yaɗu a wayoyi, daga jifan farko ya fara. Maganata ba ta ciki, don lokacin da na yi ta ba a kunna ba. Abin da mutane suka gani a Kano da Maraɗi da Damagaram shi ne dattijo da farar hula yana jifa yana kuskurewa, saurayi na zuba buhu a rami ba ƙaƙƙautawa, wani kuma ya rubuta a ƙasa wai ga tarbiyyar Dubai. Kafin sati ya zagayo ya kai wayar mahaifiyar Laminu. Ta kira shi sau ɗaya, ta faɗi abin da za ta faɗa, daga nan ta daina ɗaukar wayarsa. Tsohuwar nan ita kaɗai ta rene shi, kuma duk Juma'a ta duniya sai sun yi magana, ko yana bakin aiki. Ni ban ma san da wannan ba sai daga baya, a bakin Hajiya. Abin da na sani shi ne mutane sun yi ta hawowa ofishina kamar masu zuwa jaje. A zauna, a sha shayi, a girgiza kai, a ce yaran yanzu sai addu'a. Har waɗanda suke wurin suka ji ni da kunnensu. In na ce ai ni na sa shi, sai su ce, "Allah sarki Alhaji, halinka ne, kana rufa masa asiri. Ko an haɗa shi da Allah ai sai ya bar maka ko ɗaya." Duk bayanin da na yi, ni yake ƙara wa girma, shi ya ƙara masa laifi. Kuma ban iya buɗe baki na ce musu na gan ku a bayan itace ba. In na ɗago zan faɗa sai in ga fuskar mutum, in tuna shekarun da ya yi yana jefa buhu a ciyawa saboda ni, kunya ta rufe min baki. Su suna jin kunyata, ni ina jin tasu, Laminu na can yana ɗauke da kayan.

Zafi ya shigo, azumi ya wuce, Sallah ta zo. Babarku ta zo gaisuwa ita kaɗai da yara, ta ce Laminu yana aiki. Da suka tafi Hajiya ta zauna a gabana ta ce ko barka da Sallah uwarsa ba ta amsa masa ba, yaro ya rame, wandonsa har yana zamewa. Ran Juma'ar da ta biyo, da aka sauko daga masallaci, na ce wa mai tasi ya kai ni unguwarsu, International City. Ban taɓa taka gidan 'yata ba, ba a yi, ballantana 'yar fari wadda ko sunanta ba na faɗa. Ga gine-ginen can duk kamarsu ɗaya kamar an haife su rana guda, na yi ta zagaye cikin rana ina tambayar 'yan Sin da 'yan Habasha, babbar rigata ta jiƙe sharkaf. Da na samu ƙofar na ƙwanƙwasa, ita ta buɗe. Ta dube ni, ta dafe ƙirji.

"Baba! Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ba ni ruwa."

Laminu ya fito da singileti, ya gan ni, ya koma da gudu, ya dawo da riga a bai-bai. Ya durƙusa can bakin ƙofar kicin, nesa da ni iya yadda ɗan falon ya ba da dama. Na sha ruwa, na kalli labule, na kalli silin. Na yi ciniki da mutanen da ba ma jin yaren juna a Gwanzu ta ƙasar Sin da Istanbul, ban taɓa rasa ta inda zan fara ba sai ranar. Daga ƙarshe na gaya wa labulen duk abin da na gani a bayan itace. Na ce ban iya wasan nan ba, ban taɓa iyawa ba, haushin haka ne na sauke a kansa. Sai babarku ta ce, ba ta kalle ni ba:

"Baba, ai tun da aka ce za a sa sunansa a hula yake atisaye a bayan sito."

"Don ya kayar da ni?"

Laminu ya yi saurin girgiza kai.

"A'a Baba. Kuskurewa nike koyo. Bon, sakawa ba wuya. Amma mutum ya kuskure yadda babba ba zai gane ba, wannan akwai aiki. Alhaji Tanimu ne ya koya mini."

Na so in yi dariya, na so ƙasa ta tsage. Na ce a kira min mahaifiyarsa da wayata, tunda baƙuwar lamba ce za ta ɗauka. Ta ɗauka. Muka yi gaisuwar surukai, doguwa, da gida da gajiya da damina da jikoki, kowa na kaffa-kaffa. Sannan na faɗa mata komai, har da bayan itacen. Ta saurare ni har na gama.

"Alhaji, na ji, Allah shi saka. Ku manya ne, dole ku rufa ma yaro. Amma kowa ya shaida ku ne sarkin abin nan shekara da shekaru. Yau kuma a ce ba ku iya ba? Ni ba labari aka ba ni ba, hoto aka nuna mini, a gidan suna, gaban mata."

Ta yi min sallama da ladabi ta kashe. Ba ta nemi a ba ta shi ba. Yana durƙushe yana jin komai.

Sauran watannin nan na yi su ne ina jiran sanyi kamar mai jiran ranar shari'a. Da ranar taro ta zo, Laminu ya kawo iyalinsa ya sauke a bakin lambu, ya koma cikin mota ya zauna. Aka ci aka sha, aka jera alluna, aka kawo hula za a zuba sunaye. Na ce a dakata. Na karɓi lasifika na ce yau Sarki zai yi jifa shi kaɗai, ba abokin karawa, don kada wani ya wahala. Na ce duk mai waya ya kunna tun yanzu, kada a yanke ko numfashina. Na ce, "Tanimu, bara ina bayan itacen can lokacin da kake jifa da hagu." Na sa aka tara min duk buhunan a gabana, na ce na rantse zan jefa iya iyawata, yadda na sa Laminu ya yi. Na karkata kugu, na saita wuyan hannu, na saki na farko.

Ya shige rami. Ko allo bai taɓa ba.

Wurin ya ɗauki ihu, "Sarki! Sarki! Ran Sarki ya daɗe!" Tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin abin da ya ɓata min rai irin wannan ba. Na ce a raina, ya Allah, yau ɗin? Na ɗauki na biyu, kuma ba damar in kuskure da gangan, na riga na rantse. To Allah ya dube ni. Na biyu ya faɗi a rabin hanya. Na uku ya wuce allon ya daki fulas ɗin shayi. Wani ya tafi hagu wajen takalma, wani ya kufce ta baya, wani ya tashi sama ya sauko a kan hular Tanimu. Na yi ta jefawa, gumi na zuba, jama'a sun yi shiru irin na bara, kowa na kallon ƙafarsa. Wani bawan Allah daga baya ya yi gyaran murya ya ce, "Ai iska ce, yau akwai iska." Sai ga muryar Hajiya daga tabarmar mata, a gaban kowa:

"Wace iska? Ko mayafina bai motsa ba!"

Mata ne suka fara fashewa. Sai Tanimu ya zauna daɓas a ciyawa, buhu a cinya, yana dariya yana share hawaye yana cewa, "Shekara nawa, jama'a, shekara nawa muna fama!" Daga nan kowa ya saki. Bakatsinen nan har da birgima. Na tsaya a tsakiya, kunnuwana na zafi, na bar su suka yi mai isarsu. Da suka lafa na fuskanci wayoyin na ce, "Kun ga abin da aka haɗa Laminu da shi, aka kuma haɗa shi da Allah kada ya kuskure. Wanda ya san yadda zai yi ya bar wa wannan hannun ko ɗaya, ya zo ya nuna min." Na ce wa babarku ta tura hoton Damagaram, tun daga farko har ƙarshe, har da fulas.

Ana cikin zagaye na biyu, an riga an fitar da ni tun a na farko, ina zaune a tabarma ina cin masa mai sanyi, wayata ta yi ƙara. Na ga lambar mahaifiyar Laminu ce, na ɗauka na fara shirya doguwar gaisuwa, sai na ji dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari, da wasu matan a bayanta su ma suna yi. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, amma tunda aure ya haɗa mu matar nan ba ta taɓa yi min ko na minti ɗaya ba.

"Kai, Bakano!" ta ce. "Ashe da gaskiyarku. Wannan ko akuyata aka ba buhun ta fi ku saiti. Na farkon nan ma aljani ne ya saka muku." Ta ja numfashi, muryar ta sauka. "Yana kusa? Ku miƙo mini ɗana."

Na tashi da masa a hannu ɗaya, waya a ɗaya, na ratsa tabarmi da yara da hayaƙin nama har wajen motoci. Yana zaune ya kwantar da kai a sitiyari. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya zabura ya fito zai durƙusa. Na ce, "Tashi. Innarka ce." Ya dubi wayar, ya dube ni, ido cikin ido, ya karɓa da hannu biyu. Ya sa a kunne ya ce "Inna," muryar ta karye, ya juya min baya ya kifa goshi a jikin motar. Na tsaya kaɗan ina jira ko zai dawo min da wayata, na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na koma na bar masa ita.